Neman tallafin gidauniya don rijiyar burtsatse a asibitin garinmu: ta ina ake farawa?

Sakatare, Gwadabawa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu shiga wannan harka.

Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu, wani ƙauye a ƙaramar hukumar Gwadabawa. Rajistarmu ta ƙaramar hukuma ce kawai. Karo-karo muke yi duk wata, 'yan garin da ke Legas da Fatakwal da Abuja suna turo nasu ta waya. Da shi muka rufe ajin firamare da iska ta yaye, da shi muka yashe rijiyar bakin masallaci. Abin da ya fi ƙarfinmu shi ne ruwa a ƙaramin asibitin garin. Mace ta zo haihuwa da dare, sai dangi su biyo ta da jarka daga gida. In bazara ce, rijiyoyi sun ja baya, sai an kora jaki fadama. Ungozomar da ke wurin ta ce mana mata da yawa sun gwammace su haihu a ɗaka, tunda can aƙalla akwai randa.

Muna son rijiyar burtsatse mai sola da tanki, a ja famfo zuwa ɗakin haihuwa, a sa wasu a waje don mutanen unguwa. Na duba intanet na ga gidauniyoyin al'umma masu yawa a Amurka da Ingila da ke ba ƙananan ƙungiyoyi tallafi. Su za mu rubuta wa? Dole ne sai mun yi rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa? Sannan akwai wani a birni da ya ce zai rubuta mana takardar neman tallafin, mu ba shi kuɗin fom yanzu, in kuɗi sun fito kuma ya ɗauki kasonsa. Shugabanmu ya karkata ga yarda, ni kuwa hankalina bai kwanta ba.

Hajiya, Mabera:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya saka muku da alheri. Na daɗe ina aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta a nan cikin Sakkwato, rubuta irin waɗannan takardu da rahotonsu shi ne aikina, don haka bari in yi maka bayani a tsanake.

Mutumin nan na birni, ku ba shi haƙuri. Gidauniyar gaskiya ba ta sayar da fom. Kuɗin tallafi kuma kowace naira da layinta a kasafi, babu layin “kason wanda ya rubuta”. Ranar da za ku cire masa kasonsa, sai kun ƙirƙiro rasit na ƙarya don cike gurbin, kuma sunanka ne a takardar, ba nasa ba. In kuna buƙatar mai gyara muku Turanci, ku biya shi ladan aikinsa daga aljihun ƙungiya, a rabu lafiya.

Gidauniyoyin da ka gani a intanet kuma, kada ka ɓata datarka. Irin wannan gidauniya ta fara ne a birnin Cleveland na Amurka a 1914. Mutanen gari ke zuba dukiya a asusu guda, a juya ta, a riƙa raba ribar ga ƙungiyoyin wannan garin. Akasarinsu iyakar yankinsu suke yi wa hidima. Wasiƙa daga Gwadabawa ba za ta wuce matakin farko ba, komai kyanta.

Waɗanda ke karɓar takarda daga Nijeriya su ne abin dubawa. Akwai gidauniyar TY Danjuma, wadda aka kafa a 2009, tana ba ƙungiyoyi tallafi a fannin lafiya da ilimi. Akwai ACT Foundation a Legas. Ofisoshin jakadanci ma suna da ƙananan asusu: Japan na da shirin GGP, Kanada na da CFLI, Ostareliya na da DAP. A cikinsu na Japan ya fi dacewa da irin aikinku, don abin da ake gani da ido suke so, ajujuwa, asibiti, ruwa, kuma ba su biyan albashi ko kuɗin tafiyar da ofis. Kanada takan fitar da jigogin da take so kowace shekara, in aikinku bai shiga jigon ba, a haƙura. Akwai kuma ƙananan tallafin GEF, asusun muhalli na duniya, da hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke gudanarwa, amma na muhalli ne, dashen itace, farfaɗo da ƙasa da makamantansu. Kada ku lanƙwasa aikin asibiti ku ce na muhalli ne don kuɗi, masu karantawa suna ganewa. Kowannensu yana da lokacin da yake buɗe ƙofa, kuma sharuɗɗa suna sauyawa, don haka shafinsu na ainihi za ka riƙa leƙawa, ba saƙon da ake yawo da shi a WhatsApp ba.

Batun CAC, e, kusan duk waɗannan za su nema. Rajistar amintattu ake yi, ƙarƙashin sashen F na dokar kamfanoni, CAMA, ta 2020. Za ku zaɓi amintattu a taron da aka rubuta bayaninsa, ku kai kundin tsarin mulkin ƙungiya, a buga sanarwa a jaridu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Bayan satifiket ya fito sai lambar haraji ta TIN, sai takardar SCUML, sashen hana halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, wadda bankuna ke tambaya kafin su buɗe wa ƙungiya asusu. Rajistar SCUML kyauta ce, ta intanet ake yi. Kuma kowace shekara akwai rahoton da ake miƙa wa CAC. Ƙungiyoyi da yawa a nan sukan yi rajista su jefa satifiket a durowa, sai ranar da mai ba da tallafi ya duba ya ga ba su taɓa miƙa komai ba. Wajen zaɓen amintattu, ku guji cika jerin da 'yan gida ɗaya, ku sa mata a ciki, kuma ku yi nesa da mai riƙe da muƙamin jam'iyya.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Yawancin takardun da nake gani daga ƙauyukanmu kuka ne daga farko har ƙarshe: mu talakawa ne, gwamnati ta manta da mu, a taimaka mana don Allah. Duk gaskiya ne, amma wanda ke karantawa yana da tulin takardu a gabansa kuma kowacce haka ta ce. Ya riga ya yarda kuna da buƙata. Abin da ke ransa shi ne, in na ba waɗannan mutane kuɗi, bayan shekara biyu in na aiko a duba, zan tarar da ruwa na zuba ko tanki busasshe? Duk wanda ya bi hanyar Illela ko ta Wurno ya ga tankuna a tsaye, da allon wanda ya gina, ba ruwa. Su ma sun gani. Takardarku ta amsa wannan tambaya tun kafin a yi ta: wa zai riƙe makulli, wa zai yi gadi, in famfon ya ƙone daga wane asusu za a gyara, nawa za a riƙa karɓa a kan jarka a famfunan waje, wa ke ajiye kuɗin.

Kuma kuna da abin da ƙungiyoyin birni da yawa ba su da shi. Kun rufe aji da kuɗinku, kun yashe rijiya. Ka nemo littafin karo-karo, da rasit na kwano da ƙusa in suna nan, da hotuna, da wasiƙar hedimasta da ke shaida aikin. Shafi guda na wannan ya fi shafi goma na roƙo. Ka je wurin ungozoma ta buɗe maka rajistar asibiti, ka kwafo adadin masu zuwa awo da adadin waɗanda suka haihu a wurin cikin shekarar da ta wuce, ba tare da sunan kowa ba. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu ita ce hujjarka. Kada ka ƙara ko mutum ɗaya a kai, don sukan zo su buɗe littafin da kansu.

Kasafi kuma ya fito daga takardun farashi na 'yan kwangila, aƙalla uku, ba daga ka ba. Ku rubuta gudummawarku a ciki da ƙimarta: yashi, tsakuwa, leburanci, fili, gadi.

Tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma, Bodinga:

Ɗana, Hajiya ta gama magana kan takardu, ba ni da abin ƙarawa. Amma ni ina da ja kan inda za a fara.

Mu da munka yi aiki a ƙaramar hukuma mun ga zamanin da kuɗɗin waje sunka cika jihar ga. USAID, hukumar tallafin ƙasashen waje ta Amurka, ta yi shekaru tana aiki Sakkwato da Bauchi, ga TSHIP wajen lafiyar mata da yara, ga NEI wajen karatun firamare. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin waje, da shekara ta raba anka rufe hukumar. Manyan ƙungiyoyin da sunka dogara gare ta yanzu su ma ƙananan asusun nan da Hajiya ta lissafa suka nema, da ma'aikatansu da oditocinsu da Turancinsu. Da su za ku yi takara. Ban ce kada ku nema ba, amma kada matan garinku su zauna jiran Abuja.

Ku fara da gida. Akwai hukumar raya al'umma ta jiha, CSDA, wadda ta gudanar da shirin CSDP na Bankin Duniya. Tsarinsa shi ne al'umma ta zaɓi aikinta da kanta, ta kafa kwamiti, ta kawo kashi 10 cikin 100, a ba ta saura. Irin ƙungiyarku anka yi shi dominta. Shirin ya ƙare, wani shirin mai suna NG-CARES ya biyo baya, amma ofishin na nan, ku tahi ku tambayi mi ke buɗe yanzu. Akwai RUWASSA, ruwan karkara aikinta ne, kuma abokan hulɗa irin UNICEF ta hannunta suka bi. Ko ba su haƙa muku ba, sunan garinku ya shiga jerinsu.

Sannan ga Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha. Wancan tsarin na Amurka da Hajiya ta kwatanta, a tara dukiya a tsare asalinta a ci amfaninta, mu mun san shi tun kafin su. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar ma Musulmi. Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wace sadaka ta fi ga mahaifiyarsa da ta rasu, anka ce mai ruwa. Babu garin da ba shi da ɗa mai hali, ɗan kasuwar albasa ko na dabbobi, wanda ke neman abin da zai yi ma iyayensa da sunka rasu. Sau da yawa abin da ke hana shi ba rowa ba ce, tsoro ne kada kuɗɗinsa su narke hannun kwamiti. Takardar nan da Hajiya ta koya maka, da kasafi da tsarin gyara, ka fassara ta da Hausa ka kai mai. Ka ga aiki guda ya yi maka amfani biyu.

Abu na ƙarshe, kuma shi na fi jin tsoro. Asibitin nan ba naku ba ne, na hukuma ne. Kada ku kai injin haƙa harabarsa sai da izini a rubuce daga daraktan lafiya na ƙaramar hukuma da hukumar lafiya matakin farko ta jiha. Ku bi ta hakimi zuwa ga uban ƙasa, ya sa hannu. Ku jawo kwamitin ci gaban mazaɓa, WDC, tun yau, don su doka ta sani kan asibitin. In famfunan waje za su hau filin wani, a rubuta kyautar filin gaban shaidu, magada su sa hannu. Na ga rijiyar da anka kulle da kwaɗo bayan mai filin ya rasu, ɗiyansa sunka ce gadonsu ne.

Mai aikin sola da famfo, Kofar Rini:

Malam Sakatare, ni ta ɓangaren aikin hannu zan sa baki, don kasafin da aka rubuta ba da sanin aikin ba shi ke kashe irin wannan shiri.

Layin farko a kasafinku ya zama binciken ƙasa kafin haƙa. Ƙasar Sakkwato ba iri ɗaya ba ce. Wani wuri yashi ne mai ruwa, wani wuri farar ƙasa ce irin ta Kalambaina, wani wuri laka ce mai kauri da sai an huda ta a wuce. Ƙauyuka biyu maƙwabta sai zurfinsu ya bambanta sosai. Ɗan kwangilar da ya ba ku farashi bai zo ya auna ba, cinta ya yi. A yarjejeniya ku rubuta abin da zai faru in an haƙa ba a samu ruwa ba, wa zai ɗauki asarar.

Bayan haƙa, a yi gwajin jan ruwa na sa'o'i don a san ƙarfin rijiyar kafin a sayi famfo, in ba haka ba a sa wanda ya fi ƙarfinta, ya riƙa jan iska har ya ƙone. A kai ruwan ɗakin gwaji, tunda na asibiti ne. Ku sa kuɗin katanga ko waya, da ƙarfen da za a walde faifan sola a ciki, sama da tanki inda hannu ba ya kai wa da sauƙi. Satar faifai da kebul na cikin abubuwan da ke kashe rijiyoyin sola a ƙauye. Da hunturu kuma ƙura na rufe faifan, ruwa ya ragu, mutane su ce inji ya mutu, alhali goge shi kawai ake buƙata. A koya wa matasa biyu na garin wannan da ƙananan gyare-gyare, a sa kuɗin koyarwar a kasafi. Ba sai an sa batir ba. Famfo ya cika tanki da rana, tanki ya ba da ruwa da dare. Sai dai a raba layin asibiti da na unguwa, kowanne da makullinsa, don kada 'yan jarka su zuƙe tankin kafin magariba a bar ɗakin haihuwa ba ruwa.

Farashi kuma yana gudu. Famfo da faifai daga waje ake shigo da su, dala ta motsa su motsa. Tsakanin miƙa takarda da fitowar kuɗi watanni ne. Ku nemi ɗan kwangila ya rubuta tsawon lokacin da farashinsa zai tsaya, ku tambayi mai ba da tallafin ko ya yarda a ware wani abu don tashin kaya. Kuma kada a biya ɗan kwangila duka kuɗinsa sai ruwa ya yi makonni yana zuba.

Sakatare, Gwadabawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Baba, maganar izini ba ta taɓa zo mana a rai ba, mun ɗauka tunda alheri ne ba mai hanawa. Zan karanta wa mutanenmu duk wannan a taron bayan Juma'a.

Hajiya, saura tambaya ɗaya. Rajistar CAC da lauya da jarida kuɗi ne, kuma na ga wasu masu tallafin suna son ƙungiyar da ta yi shekaru da rajista. In mun yi yau, mu sababbi ne a takarda duk da mun daɗe muna aiki. Ba wata hanya kafin nan?

Hajiya, Mabera:

Akwai. Ku shiga inuwar ƙungiyar da ta riga ta cika sharuɗɗa. Ita za ta nema da sunanta, kuɗi su shiga asusunta, ku kuma a rubuta ku a matsayin abokan aiki a garin. Ana yin haka sosai kuma masu ba da tallafi sun san da shi, matuƙar an faɗa musu a fili. Amma ku zaɓa da ido biyu. Ku je ofishinsu, ku nemi ganin satifiket da rahoton odita, ku tambayi sunan wani gari da suka yi wa aiki, ku tura mutum ya je ya ji daga bakin mutanen wurin. Sannan a rubuta yarjejeniya: nawa ne na aikin, nawa za su riƙe na gudanarwa, wa zai zaɓi ɗan kwangila, wa zai sa hannu kafin a biya shi. Ku riƙe kwafin takardar da aka miƙa da kasafinta. Ƙungiyar da ta ƙi nuna muku kasafin da aka nema da sunan garinku, ku tashi ku bar mata ofishinta.

A lokaci guda ku fara taku rajistar, don shekarun su fara ƙirguwa. Karo-karon ma ku daina tara shi a asusun mutum ɗaya. Da zarar asusun ƙungiya ya buɗe, a sa mutum uku, kuɗi ba su fita sai da hannun biyu. Takardar banki ta shekara guda da ke nuna kuɗin 'yan gari na shiga suna fita kan aiki hujja ce mai ƙarfi.

Ban ƙi maganar Baba ba, gaskiya ya faɗa, ku bi ƙofofin gida da na waje tare. Sai dai in wani ɗan gari ya ɗauki nauyin haƙa, kada ku ɓoye wa gidauniya. Ku rubuta cewa an samu kaza daga wurin kaza, saura tanki da sola da jan famfo. Sun fi son cika aikin da ya riga ya tashi. Ɗauko kuɗi biyu kan abu ɗaya kuwa, in aka gano, sunanku ya ɓaci a wurin sauran ma, don suna magana da juna.

Ka tambayi mai kula da asibitin ko yana cikin waɗanda ke samun kuɗin BHCPF, asusun da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa, wanda ake tura wa zaɓaɓɓun asibitocin mazaɓu kai tsaye don gudanarwa da ƙananan gyare-gyare. In yana ciki, a sa kula da layin ruwan asibiti a tsarin aikinsu, ka ambaci hakan a takardarka.

In ka rubuta daftarin farko, ko da Hausa ne, kada ya wuce shafi biyu: matsalar da lambobin rajistar asibiti, abin da za a gina, abin da kuka taɓa yi, da yadda za a kula da shi. Ka turo mini ta akwatin saƙo in duba. Ka haɗo da hoton ɗakin haihuwar da na harabar, amma kada fuskar majinyaciya ta fito a ciki.